Mashin da Ubandawaki Nomau Ya Ƙi Ɗauka

A zamanin Sarki Bagudu, Birnin Tsaure ya gaji da yaƙi, gajiyar da ta wuce a kwana a tashi a warware. Kowace shekara, da zarar gero ya fara sunkuyar da kai, sai Zangarawa su taso daga ƙetaren gulbi su nufo Mashigin Kada, wurin da shi kaɗai doki ke iya hayewa kafin ruwa ya janye. In suka haye, ƙauyukan da ke ciyar da birni sun shiga uku: a ƙone rumbuna, a kore shanu, a tasa ƙeyar mutane. In aka tare su a mashigi, an sami shekarar ci da sha. Tsofaffi sun riski abin haka, jikokinsu ma haka suka taras.

Wanda ya daɗe yana tare su shi ne Kaura Dankaka, shugaban mayaƙan birni. Sai ga shi a wannan shekara, ana gab da girbi, ciwon ciki ya kwantar da shi, bai tashi ba. Mutumin da kibiyoyin Zangarawa suka yi ta nema ba su samu ba, a kan tabarmarsa ya cika.

Duk birni an san wanda ya kamata ya gaje shi, in ban da mutum ɗaya, wato shi wanda ya kamatan. Sunansa Nomau, shi ne Ubandawaki, mataimakin Kaura tun gemunsa yana baƙi har ya fara furfura. Ya san gulbin nan kamar tsakar gidansa. Ya san inda yashi ke ɗaukar doki da inda laka ke haɗiye shi. Mayaƙa na ƙaunarsa, don ba ya cin abinci sai sun ci. Abu ɗaya ne ya cuce shi, wata magana da aka faɗa masa tun yana saurayi.

An dawo daga wata nasara ne ana liyafa, sai Kaura ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce, "Nomau hannuna ne. Ku ba shi aiki ku sha kallo. Amma fa hannu ne, ba kai ba." Aka yi dariya. Kaura ya faɗa ya manta, ya ci gaba da yagar namansa. Nomau kuwa ya ɗauki maganar ya kai ta gida, ya yi ta kiwonta. Da safe ita ke tashinsa, a fada ita ke zaunar da shi. Duk sa'ad da wata dabara ta zo masa, kafin ya buɗe baki sai ya ji a ransa ana cewa, "Kai hannu ne. Jira a ce maka." Har ya koyi wata hanya ta ban tausayi. Sai ya matso kusa da Kaura ya ce, "Ranka ya daɗe, na tuna wata dabara da ka taɓa faɗa mini." Kaura bai taɓa faɗar ta ba, amma ba ya musu, don dabarar kan yi kyau. Da haka aka ci yaƙe-yaƙe da yawa, maroƙa suna wasa Kaura, Nomau yana gefe yana jin daɗin an yi nasara.

Ba a gama zaman makoki ba sai ga manzo daga Mashigin Kada, dokinsa ya jiƙe sharkaf. Ya faɗi gaban Sarki ya ce Zangarawa sun sauka a bayan fadamar ƙetare, sun fi na bara yawa, kuma labarin mutuwar Kaura ya kai musu. Sarki ya sa a tara majalisa da safe, a fito da Mashin Birni.

Shi wannan mashi tsoho ne, ƙotarsa ta yi baƙi don shan hannu, wanda duk ke riƙe da shi shi ne Kaura. Yadda ake ba da shi kuwa, Shamaki zai ajiye shi gaban wanda Sarki ya zaɓa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce bai isa ba. Wannan kunya ce kawai, kowa ya sani. Sai Sarki ya ce, "Mun ce ka ɗauka," ya miƙa hannu ya ɗauka. Idan kuwa bayan maganar Sarki ya sake cewa bai isa ba, to an gama, a ɗauke mashi a kai gaban wani, don Sarki ba ya roƙo. Tun kafuwar birni ba a taɓa jin wanda ya yi haka ba.

Galadima Barau yana da wanda yake so, ɗan ƙanwarsa Barde Tunau, jarumi mai zafin nama wanda bai san tsoro ba, bai kuma san haƙuri ba. Galadima tsohon ɗan fada ne. Ya san ba zai iya juya zuciyar Sarki ba, amma ya daɗe yana lura da Nomau, ya san inda ƙafarsa ke ciwo. Da safe ya jira shi a bakin zauren fada, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ubandawaki, ya haƙuri? Allah ya jiƙan maigidanka. Ni kai nake tausaya wa, don na ji inda mashi zai nufa."

"Allah ya ja kwanan Galadima," in ji Nomau. "Abin da Sarki ya hukunta shi ne daidai."

"Haka ne. Sai dai ina tuna marigayi, Allah ya yi masa rahama, ba ya ɓoye gaskiya. Shi da ya fi kowa saninka, me ma ya ce ranar nan? Hannu, ko? To, Allah ya taya ka riƙo. Rayukan mutane da nauyi." Ya saki hannunsa ya shige, yana jan carbi.

Aka cika majalisa. Kafin a zo kan mashi, sai da aka ɓata hantsi ana gardama a kan wasu ƙudan zuma da suka tashi daga kukar ƙofar gabas suka nufi gulbi. Liman ya ce a bar wa Allah saninsa. Galadima ya ce alama ce rundunar Tsaure za ta haye ruwa ta yi nasara. Wani ya ce alama ce arziki zai bar gari. Kowa ya karanta wa zuman abin da dama yake so. Sarki Bagudu yana zaune ya tallafe haɓa, tsoho ne, ya ji irin wannan gardama har ta ishe shi. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Shamaki ya taho da mashi ya ajiye gaban Nomau.

Nomau ya sunkuya ya ce, "Zaki, ban isa ba."

Sarki ya ce, "Mun ce ka ɗauka."

Mashin na nan gabansa, in ya miƙa hannu kaɗan zai taɓa shi. Ya ji idon kowa a kansa. Ya tuna mutanen da za su bi shi, ya san su, ya san matansu, ya san sunayen 'ya'yansu. Sai muryar nan ta zo, a natse kamar kullum. "Da Kaura na nan, in ka yi kuskure akwai mai gyarawa. Yanzu wa zai gyara? Kai hannu ne. Za ka kashe su." Ya ji bakinsa yana motsi.

"Allah ya ba ka nasara, wallahi ban isa ba. A nemi wanda ya fi ni."

Shamaki ya tsaya da baki buɗe, bai san ko ya ɗauka ko ya bari ba. Magajiya Yelwa, yayar Sarki, wadda ke da kujera a majalisa, ita ta fara magana.

"Zaki, mutumin nan yana cikin makoki, hankalinsa ba ya jikinsa. A sake tambayarsa."

Galadima ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, da ana sakewa da ni zan fara roƙo, don Ubandawaki ɗan'uwana ne. Amma yau in Sarki ya roƙi bawansa, gobe wa zai ji maganar Sarki? Mutum ya auna kansa ya faɗi gaskiya a gaban Allah da jama'a. Yabo ya kamace shi, ba tilas ba."

Sarki ya dubi Nomau. Ba fushi a fuskarsa, sai gajiya. Sa'an nan ya ce, "A kai wa Barde." Tunau ya faɗi "ban isa ba" ɗinsa da sauri kamar mai haɗiye magani, Sarki bai rufe baki ba ya cafke mashi.

Aka shiga shawarar yaƙi. Sabon Kaura ya miƙe ya ce, "Zaki, shekara nawa muna tsayawa a bakin ruwa kamar masu wanki, mu kore su bana su dawo baɗi? Ni na gaji, birni ya gaji. A ba ni 'yan lifidi in haye in same su a sansaninsu, in kashe wannan fitina gaba ɗaya, 'ya'yanmu su huta." Maganar ta yi wa mutane daɗi, don gaskiya ce, kowa ya gaji.

Nomau ya san abin da ke bayan gulbi. Fadamar nan a wannan lokaci ciyawa ce shar a sama, laka a ƙasa har cikin doki, ga lifidi in ya sha ruwa ya fi mai shi nauyi. Ya san Zangarawa ba don lalaci suka sauka a bayanta ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba wata magana ba ce, tunani ne na ƙaramin mutum, mai yiwuwa ma ban fahimta ba. Ina ganin kamar fadamar nan ba ta bushe ba. Da za a tsaya a mashigi yadda aka saba. Amma manya sun fi ni sani."

Galadima ya yi murmushi. "To, shi da bakinsa ya ce ba wata magana ba ce." Aka wuce wurin. Shawarar da za ta tsare rayuka ta mutu nan take, mai ita ne ya shaƙe ta kafin ta fito.

Da aka watse, Magajiya ta sa aka tsayar da Nomau a soro. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Nomau, ni na san wanda ke tsara wa Dankaka yaƙi. Matan fada ma sun sani. Kana tsammani tawali'u ka yi yau?"

"Ranki ya daɗe, tsoro na ji kada in halaka mutane."

"Za a kai su fadama yanzu. Da hannunka ko ba da hannunka ba, uwayensu kuka ɗaya za su yi. Tashi ka ba ni wuri."

Runduna ta isa Mashigin Kada. A nan Kaura Tunau ya raba mutane. Shi zai haye da 'yan lifidi da mahaya. Nomau zai tsaya a wannan gaɓa da dakaru da maharban Sarkin Baka Dodo, abokin Nomau tun suna yara. Tambarin yaƙi ma a nan aka bar shi, don raƙumin da ke ɗauke da shi ba ya shiga ruwa. Dokar tambari kuwa kowane mayaƙi ya san ta. Mutumin Tsaure ba ya juya baya a fagen fama sai ya ji kiɗan komawa, wanda ya juya ba kiɗa, gidansa ya shiga abin kunya har jikoki. Kuma ba mai sa a buga sai mai riƙe da mashi. Wani in ya sa, kansa ne diyya. Tunau ya ce in da bukata zai aiko, ya yi dariya, don bai ga bukatar ba.

Da hantsi suka haye. Daga kan gaɓa ana ganin komai. Zangarawa suka fito suka yi ɗan artabu, sai suka juya da gudu. Mahayan Tsaure suka yi kururuwa suka bi su cikin koren ciyawa. Ba su yi nisa ba dawakan gaba suka fara nutsewa, na baya suka hau kansu. Sai ga Zangarawa suna ɓullowa daga cikin ciyayi ta dama da hagu, a ƙasa, ba lifidi ba sulke, suna harbi a natse kamar masu farautar gada. Tutar Kaura ta yi tangaɗi ta faɗi, ba ta sake tashi ba.

Sarkin Baka Dodo ya zo ya tsaya kusa da Nomau. Babban ɗan Dodo na cikin mahayan. "Ubandawaki, Kaura ya faɗi."

"Mai yiwuwa dokinsa ne ya faɗi. Zai aiko."

Suka tsaya. Ba wanda ya aiko. Mutanen da ke cikin laka ba su ci gaba ba, ba su kuma juyo ba, suna tsaye inda suke suna kare kai da garkuwa, suna jiran kiɗa. Mai tambari ya riga ya ɗaga gula yana duban Nomau. Dakaru suna dubansa. Shi kuma yana duban hanyar birni, kamar wani babba zai ɓullo daga can ya ɗauke masa wannan kaya.

Ba tsoron takobin Sarki ne ya riƙe shi ba, Nomau ya sha ganin mutuwa. Muryar nan ce. "Wane ne kai da za ka sa a buga tambari? An ba ka mashi a gaban duniya ka ce ba ka isa ba. In Kaura na da wata dabara da ba ka gane ba fa? In ka kira su, aka biyo su aka haye mashigi fa? Jira. Hannu ba ya yanke shawara."

Rana ta wuce tsaka. Dodo ya sake cewa, "Nomau." Sunansa kawai ya kira, ba sarauta.

Nomau ya rufe ido ya saurari muryar da kyau, abin da bai taɓa yi ba, kullum bin ta kawai yake yi. Shekaru yana ɗauka muryar Kaura Dankaka ce. Ya saurara, ya ji ba ita ba ce. Dankaka na kabari, kuma ko da ransa sau ɗaya ya faɗi maganar, yana cin nama. Wanda ya yi ta maimaita ta safe da yamma tun daga ranar, shi ne da kansa. Bai ji wani ƙarfi ya shige shi ba, bai kuma tabbata daidai zai yi ba. Ya dai gaji da ita, gajiya mai tsanani.

Ya buɗe ido ya ce, "Buga komawa."

Bai ɗaga murya sosai ba, amma kafin ya rufe baki gula ta sauka. Tambari ya amsa har ƙasa na rawa.

"Sarkin Baka, raba maharbanka biyu, ku shiga ciyawar gaɓa dama da hagu, ku bar tsakiya. Kada wanda ya saki kibiya sai namu sun wuce, Zangarawa sun kai ruwa iya ƙirji. Dakaru, ku shiga ruwa ku jawo duk wanda ya iso. Ku yanke igiyar lifidi ku zubar, mutum nake so ba auduga ba."

Ba wanda ya tambaye shi ina mashinsa. Mutane suka watse da gudu, kowa ya nufi inda aka ce masa, kamar dama an daɗe da shirya abin. Can cikin fadama waɗanda ke da sauran numfashi suka juyo, wasu a ƙasa, wasu biyu a doki ɗaya, wasu suna jan 'yan'uwansu. Zangarawa suka ga nasara ta samu, suka biyo su har cikin gulbi ba tsari. Da ruwa ya kai musu ƙirji, hannuwansu na sama riƙe da baka, Dodo ya yi kira. Kibiyoyi suka fito ta gefe biyu. Waɗanda suka tsira suka koma gaɓarsu a guje, kafin la'asar an hango suna kwance bukkokinsu. Mashigin Kada bai faɗi ba, geron bana na mutanen Tsaure ne.

Ba a yi kirari ba, ba a yi guɗa ba. Waɗanda suka fito daga fadama suna kwance a kan yashi, laka ta rufe su har ba a gane fuska, ba su kai rabin waɗanda suka haye ba. Wasu dakaru suka ɗauko gawar Tunau. Nomau ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, don yaro ne jarumi, kuma ba shi ya kai kansa inda ya fi ƙarfinsa ba. Ya kira manzo ya ce, "Je ka gaya wa Sarki mashigi na hannunmu, Kaura ya rasu. Ka ce ni Nomau na sa aka buga tambari, ba wanda ya ba ni shawara. In na gama binne mutanena ina tafe, a yi mini hukunci."

Sa'an nan ya bi gaɓa yana duba masu rauni. A ƙarshen layi ya iske Dodo durƙushe yana wanke fuskar wani da ruwan gulbi. Ɗansa ne. Wasu mahaya sun jawo shi har gaɓa, kibiya a wuyansa, jikinsa bai gama sanyi ba.

Nomau ya durƙusa kusa da shi. Ya ce, "Ban san za su ji maganata ba, Dodo."

Dodo bai ɗago ba, ya ci gaba da share lakar da ke gemun ɗansa.

"Tun muna samari muke jin maganarka, ta bakin wani. Yau ma tun hantsi bakinka kawai muke kallo." Ya matse tsumman hannunsa. "Waɗanda suka ɗauko shi sun ce da ransa har rana ta take tsaka. Yana tsaye cikin laka, yana tambayarsu ko sun ji kiɗa."